Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗana, daren jiya da ka rako ni gida bayan sallar isha'i ka yi mini wata tambaya a bakin ƙofa, na ce ka bari sai na nutsu. Ka ce wani ya zo rumfarku a kasuwar waya ta Farm Centre yana tallar inshorar lafiya. Abokan sana'arka wasu sun ce damfara ce, wasu sun ce haramun ce, wasu kuma sun ce wannan ai ta ma'aikatan gwamnati ce, kai kuma ga shi wata huɗu ke nan da ka ajiye iyali. Ban amsa maka a tsaye ba domin darasi ne da na biya kuɗin makarantarsa da tsada, ba na so in ba ka shi a gurguje kamar saƙon cefane. Ga shi a rubuce. Ka karanta, ka ba matarka ita ma ta karanta.

Shekara 35 na yi a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati a garin nan. Ni ba likita ba ne, ban taɓa yi wa kowa allura ba, amma duk wanda zai ga likita ta tagata yake fara bi. Da na kama aiki a 1979, mutum yakan yanki kati da 'yan kwabbai, a duba shi, a ba shi magani, in an ba shi gado har abinci a kawo masa. A kan idona wannan ya zube. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihun da ake kira SAP, naira ta faɗi, ɗakin magani ya bushe, likita ya koma rubuta takarda yana cewa a je a sayo. Aka wayi gari auduga, safar hannu, ledar ƙarin ruwa, har zaren ɗinki duk majinyaci ke kawowa. A tagar nan na gane cewa wanda aka ɗora a gado ya ɗan huta. Abin tausayi shi ne wanda aka miƙa wa takarda, ya fito baranda yana juya ta, yana laluben aljihu, yana tunanin ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ni ban buƙaci ƙididdiga ba, fuskokinsu na gani. Kai ma ka gan su a masallacinmu na Daurawa: a sallame, dattijo ya miƙe da takardar asibiti a hannu, muryarsa na rawa. Babu wanda aka haifa don ya yi wannan tsayuwar.

Na ɗauka ni na fi ƙarfin haka, tunda na san likitoci, na san masu jinya, kowa a asibiti yana gaishe ni. Sai 2009 ta zo, kana ƙaramar sakandare, aka ce dole a yi wa mahaifiyarku tiyata. A lokacin babu wani tsarin inshora ga ma'aikatan jiha. Sanayya ta sa aka duba ta da wuri, amma sanayya ba ta sayi jini ba, ba ta biya kuɗin gwaji ba, mai kemis kuma bai san ni ba. Filin da na saya ta wajen Mariri, wanda na yi shekaru ina tara kuɗinsa don in gina muku, shi na ɗaga cikin kwana uku. Dillalin ya karanta fuskata kafin in buɗe baki, ya taya abin da bai kai rabin daraja ba, na sallama. Mai jinya ba ya ciniki, ɗana. Allah Ya ba ta lafiya, kuma ban taɓa nadamar sayarwar ba, ko yau aka ce in maimaita zan maimaita. Abin da ke ci mini rai shi ne a duk shekarun da nake lafiya lau, da albashina, ban taɓa ware wa ranar ciwo ko sisi ba. Na tanadi kuɗin ragon layya, na tanadi na kayan ɗakin yayarka, na bar abin da ya fi su tabbacin zuwa. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da kake ji da ƙarfi, kana hawa babur kana sauka, matarka ba ta ko ciwon kai, yanzu ne lokacin wannan magana.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Ka san adashin da mahaifiyarku take zubi: kowa ya zuba, kowa ya jira ranar kwasarsa. To wannan ma zubi ne, sai dai adashi ne da kake roƙon Allah kada kwasa ta zo kanka. Dubban mutane su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kayar a cikinsu a ɗauke shi da kuɗin taron. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne, da gayya muke nome gonar wanda ya kwanta, da gudummawa muke aurar da marayu. Abin da ya sauya shi ne an rubuta shi a takarda, an ɗora masa hukuma.

Batun halacci kuwa, kada ka raina masu wannan shakka, tsoron Allah ne ya sa su. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta zauna kan inshora a 1985, ta bambanta tsakanin wadda aka gina don cin riba, wadda ta ce akwai garari a cikinta, da wadda aka gina kan taimakon juna, wadda ta halatta. Malamai sukan kafa hujja da Ash'ariyyawa, mutanen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa saboda idan guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara ɗan abin da ke hannun kowa wuri guda, su raba daidai. Shi ya sa a nan Kano, da aka yi dokar a 2016 zamanin Ganduje, ba a kira abin inshora ba, aka ce taimakekeniya, hukumarsa kuma ita ce KSCHMA. Akwai kuma kamfanonin takaful, wato inshorar taimakon juna, da suka samu lasisi a ƙasar nan. In zuciyarka ta fi kwanciya da waɗannan, ka bi nan. Wanda kuma zai ce maka tanadi rashin tawakkali ne, ka tambaye shi ko yana kulle shagonsa da daddare.

Ƙofofin shiga uku ne. Akwai ta tarayya, wadda aka yi dokarta a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar a 2005 da sunan NHIS, ta daɗe kusan ma'aikatan tarayya kaɗai ke morarta, abin da ya sa abokanka suke ganin ba tasu ba ce. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, sunan ya koma NHIA, aka wajabta inshorar a kan kowa, ko da yake wajibcin har yanzu a takarda ya fi ƙarfi. Suna da tsarin da suke kira GIFSHIP na mai zaman kansa irinka, ko shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance. Akwai ta jiha, wadda ake yanka daga albashin ma'aikata, amma ɗan kasuwa da mai sana'a ma yana iya zuwa ya biya na shekara. Sai kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, masu tsari hawa-hawa, iya kuɗinka iya shagalinka. Akwai ta huɗu da ba taka ba ce: asusun da dokar lafiya ta 2014 ta ware, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wanda daga cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a ƙananan asibitocin mazaɓu. Kai Allah Ya rufa maka asiri, kada in ji ka cusa sunanka a wannan. Amma in ka san wata bazawara mai marayu a layinku, ka kai ta da kanka ta tambaya, wannan lada ce.

Yanzu ga kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko ban kunya domin na yi shi da furfura. Bayan na yi ritaya, wani saurayi mai tsafta, da jaka a hannu, ya zo majalisarmu. Bakinsa kamar zuma. Ya ce da wannan kati ko ciwon kai ko tiyata, ka shiga ka fito ba ka taɓa aljihu ba. Ya nuna mana takarda mai sheƙi da hoton likita yana murmushi. Na biya na shekara, na sa hannu a wata takarda mai ƙananan rubutu da ban karanta ba, ni da na yi shekara 35 ina cewa mutane su karanta kafin su dangwala. Da na ce a sa ni a asibitin da ke kusa, ya ce ba ya cikin jerinsu, ya zaɓa mini wani can ƙetaren gari. Wata na biyu jinina ya hau. Na shiga adaidaita sahu biyu, na isa a galabaice, yarinyar da ke kan kwamfuta ta duba ta ce, "Baba, ai hawan jini ba ya cikin naka sai ka shekara, tunda da shi ka shigo." Na ce ba a gaya mini ba. Ta juyo mini da takardar da na sa wa hannu, ta ɗora yatsa a kan layin. Yana nan a rubuce. Ba su yi mini ƙarya a takarda ba, ni ne na sayi kifi a ruwa.

Don haka kada ka fara da tambayar nawa ne. Ka fara da asibiti. Katin da za a ba ka roba ce kawai, abin da kake saya shi ne ƙofar da za a buɗe maka da ƙarfe biyun dare. A yawancin tsare-tsaren za a ce ka zaɓi asibiti ɗaya da zai zama na farkonka, can za ka fara zuwa, su ne kuma za su tura ka gaba in abin ya fi ƙarfinsu. To ka karɓi jerin asibitocin, ka ware na kusa da gidanka a Darmanawa, ka tafi da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka je da safe ka ga layi, ka koma da daddare ka ga ko akwai likita a ciki ko sai an kira shi a waya. Ka leƙa ɗakin haihuwa ta bakin matarka, ka duba ko suna da wuta in an ɗauke ta gari, ko suna gwaji a nan ko sai an fita. Sannan ka zauna a benci kusa da masu katin inshora, ka gaishe su, ka tambaye su yadda ake yi da su. Abin da za su gaya maka cikin minti goma, ɗan talla ba zai gaya maka ba ko zai kwana yana magana. Na san zuciyarka za ta tafi ga asibitin Malam, tunda ga shi nan kan titin Zariya, kuma tun da aka kafa shi a 1988 ya zama madogarar jama'a. Amma ka tuna asibitin koyarwa ne, ana turo masa marasa lafiya daga jihohi da yawa har da Nijar, layinsa ba ya yankewa. Zazzaɓin yaro da awon ciki sun fi sauƙi a ƙaramin asibiti nagari. Abin da za ka tabbatar shi ne, in babbar lalura ta zo, tsarin da ka shiga yana turawa can, ko asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko na ƙashi na Dala.

Akwai wani abu da na sani ta cikin gida wanda zai rage maka ɓacin rai. A tsarin gwamnati, asibitinka na farko ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya shekaru da dama naira 750 ne, sai daga 2024 aka fara ƙarawa. Ka auna wannan da farashin magani bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta sake faɗuwa, kamfanin GSK kuma ya sanar a Agustan shekarar zai tattara nasa ya nasa, har abin shaƙar masu asma ya gagari talaka. Daga nan ne kalmar "babu" ta yawaita a tagar magani, daga nan ne wasu wuraren suke yi wa mai kati kallon wanda ya zo cin bashi. Ban ce uzuri ne ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma sanin wannan zai sa ka gane dalilin da ya sa na ce ka tambayi masu kati, domin asibitoci biyu a tsari ɗaya, ɗaya yana riƙe amana, ɗaya yana wasa da ita. Kuma zai sa ka yi hattara da mai araha fiye da kima. In wani ya ce zai ɗauke maka tiyata da haihuwa da komai a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, to akwai inda ya ɓoye wuƙar. Araha ba ta ado.

In ka zauna da jami'insu, ka bar shi ya gama lissafo abin da suke yi, sannan ka ce, "To, me ba ku yi?" Nan cinikin yake. Ka tambayi tsawon jira, domin ba ranar da ka biya kati yake fara aiki ba. A tsarin gwamnati akan jira wata biyu ko uku, wasu kamfanonin kuma ba sa ɗaukar haihuwa sai an yi kusan shekara da shiga. Kai da ka yi aure kwanan nan, wannan ce tambayarka ta farko, kuma ka tambaya har da haihuwa ta tiyata da kwalbar da ake sa bakwaini. Ka tambayi kwana nawa suke biya in an ba da gado, da iyakar kuɗin da suke kashewa a shekara. Ka tambayi ciwon da ba ya tafiya, irin suga da hawan jini da sikila. Wankin ƙoda galibi sau kaɗan suke ɗauka, ciwon daji wani sashe, manyan hotuna wani lokaci a raba kuɗin da kai, fita waje kuwa ka cire rai. Ka tambayi abin da za a yi in ciwo ya kama ka a hanyar Legas ka je sarin kaya. Ka tambayi su wa katin ya rufe: a tsarin ma'aikatan tarayya mutum ne da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saura sai an biya musu daban. Wanda ya tsara wannan bai zauna a gidajenmu ba, amma haka yake, kuma na ga gidan da rigima ta tashi saboda uwargida na da kati amarya ba ta da shi. Duk amsar da aka ba ka, ka ce a nuna maka a rubuce. In rubutun Turanci ya yi maka nauyi, ka kai wa ƙanwarka ta karanta maka layi-layi, babu kunya a nan. Matambayi ba ya ɓata.

Kuɗi kuma kada ka miƙa a hannu, kada ka tura asusun wani mutum komai kyan rigarsa. Ka je ofishinsu, ka biya ta banki da sunan hukumar ko kamfanin, ka karɓi rasit ka adana shi inda kake adana takardar haya. In kamfani ne, ka tabbatar hukumar NHIA ta san da shi. Ku da kuke da ƙungiya a kasuwa, ka kai maganar gaban shugabanninku, shigar taro ta fi sauƙin kuɗi, kuma kukan mutum ɗari ya fi na mutum ɗaya isa kunne.

Sai abin da ya rataya a wuyanka kai, domin amana ba a gefe ɗaya take ba. In suka tambaye ka ciwon da kake da shi, ka faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma kada ka ara wa kowa katinka, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da aka kawo da katin yayarta, don a guje wa biyan kuɗi. Fayil ɗin da na ɗauko na yayar ne, rukunin jinin da ke ciki na yayar ne, magungunan da aka rubuta jikinta ba ya karɓa na yayar ne. Allah Ya sa wata ma'aikaciyar jinya mai lura ta ga shekarun da ke rubuce ba su yi kama da fuskar da ke kwance ba, aka sake gwaji. Da ba haka ba, da tausayi ya yi kisa. Ban da haɗarin, kuɗin da ke cikin asusun nan na mai gadi ne da malamar firamare da mai shara, duk wanda ya ci da ha'inci haƙƙinsu ya ci. Haka wanda ke zuwa da ciwon ƙarya don ya karɓi magani ya kai kemis. Na san ba halinka ba ne, amma za a roƙe ka, kuma mai roƙon zai zo da hawaye. Ka ciro daga aljihunka ka ba shi, ka bar katin inda yake.

Za ka sha jira, gara in gaya maka tun yanzu. In za a tura ka babban asibiti sai an nemi lambar izini daga masu biyan kuɗin, wani lokaci ta fito nan take, wani lokaci a wuni. Za a ba ka maganin da kwalinsa ba irin wanda ka saba gani ba, ka ce an ba ka na talakawa. In sinadarin ɗaya ne kuma da lambar NAFDAC a jiki, ka sha, sunan kamfani ba ya warkarwa. A tsarin tarayya za ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, wannan ƙa'ida ce ba cuta ba. Kada ka ɗaga murya a kan yarinyar da ke taga, na zauna a wannan kujerar, na san ba ita ta tsara ba. Amma haƙuri daban, wawanci daban. In aka ce babu maganin da ke cikin jerinsu, ka nemi a rubuta maka, ka riƙe rasit ɗin wanda ka saya. In aka nemi ka biya abin da takarda ta ce an ɗauke maka, ka nemi jami'in da ke kula da masu kati a asibitin, in bai yi ba ka kira lambar da ke bayan katinka, in ba su yi ba ka taka har ofishin hukumar, cikin ladabi, da kwanan wata da takardunka. In abin ya ƙi gyaruwa, akwai damar sauya asibiti bayan wasu watanni. Yawancin mutanenmu sukan yi tsaki su tafi kemis, su ce an bar wa Allah. Wannan shirun ne yake sa a maimaita wa na bayansu.

Jarrabawa mafi girma kuwa ba a asibiti take ba, a ranar sabuntawa take. Shekara za ta zagayo ba ku je ko sau ɗaya ba, ga kuɗin haya, ga azumi ya matso, Shaiɗan ya raɗa maka cewa kuɗin bara ya tafi a banza. Wani abokina a unguwar nan haka ya yi, shekara uku yana biya, ta huɗu ya ce ya gaji da ciyar da wasu. Wata biyar da yankewar katinsa aka kwantar da ɗansa. Da ya koma sabuntawa aka ce sai ya sake jira kamar sabon shiga. Ban yi masa dariya ba, na tuna filina na Mariri. Kuɗin da ka zuba ba ka ci ba, ka gode wa Allah da Ya ba ka lafiya, kuma ka sani da shi aka ciro wa wata jariri, da shi aka ɗinke wani ɗan adaidaita. In ka ƙulla niyya tun farko, ko a nan ba ka yi asara ba. 'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi, waɗanda ƙasarsu ta kafa irin wannan tsari tun 2003, ta waya suke sabunta nasu, duk da haka akan samu masu sakaci, domin matsalar ta zuciya ce. Kai ka rubuta ranar a bangon shago, ka riƙa ware kuɗin kaɗan-kaɗan duk mako kamar zubin adashi, ka biya tun saura wata guda. In Allah Ya kawo ƙaruwa, ka yi wa jaririn rajista tun kafin a gama cin naman suna, domin fakewarsa a katin uwarsa ta 'yan makonni ce.

Kuma ko da kati a aljihu, ka ajiye wani abu a gefe wanda ba a taɓawa, ko kuɗin mota da na maganin dare ɗaya ne. Ka gaya wa matarka inda yake, ka nuna mata inda katin yake, ta haddace sunan asibitin, ta adana lambar da ake kira a wayarta. Na ga mata da yawa a tagata da miji a sume, ba su san ko yana da kati ba, ba su san ko a ina aka rubuta shi ba, saboda maigida ya ɗauki komai sirri. Ranar da za a buƙaci katin nan, mai yiwuwa kai ne a kwance.

Ranar Litinin in Allah Ya kai mu ka bar yaronka a rumfa, ka zo da lambar NIN taka da ta matarka. Za mu fara da asibitoci biyun da ke kusa da ku, mu zauna a benci mu ji ta bakin mutane, daga nan mu wuce ofishin hukumar. Ka zo da wuri, ƙafata ba ta son rana. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ku lafiya mai amfani.